Ƙarar Banza da Ƙarar Gaskiya

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya kama hanyar Zariya cikin watan Janairu, tun bai isa Kura ba zai ga abin da kakannin mutanen wurin ba su taɓa gani ba. Hunturu na busawa, karkara ta bushe ƙayau, ba a ganin kome a gonaki sai tushiyar dawa, amma nan ga alkama kore shar, ga tumatir ya yi ja, ga albasa da masara, mutane sun duƙufa sai ka ce tsakiyar damina. Ruwan da ya kawo wannan albarka daga madatsar Tiga ya ke tahowa, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Babbar magudana ta ɗauko shi ta rarraba cikin ƙanana, ƙananan kuma su rarraba cikin waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har ya isa fangalin manomi a Kadawa, ko Garun Malam, ko Bunkure. An tsara kashin farko na aikin don ya shayar da hekta 22,000, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa ita ke riƙe da shi.

To, ruwan nan da ya kawo arziki, shi ya kawo gardama. Da, in an yi girbi an kwashe amfani, gona sai ta kwanta har faɗuwar ruwa, mai ita ma roƙon Bafillace ya ke yi ya zo ya sauka da shanunsa don ya sami taki. Yanzu ƙasa ba ta hutawa, ana kwashe shinkafa a ke shirin dashen tumatir, burtali ya ƙuntata, taku ɗaya na ƙasa ya zama abin da mutum zai yi faɗa a kansa. Na bakin magudana ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe yana jira har dare. Wani ya buɗe ruwa ya tafi ya yi barci, ruwan ya ƙetare iyaka ya kashe wa maƙwabcinsa iri. Wani ya ba da gonarsa jingina da baki kawai, bayan shekara biyar a rasa wanda ya tuna ko jingina ce ko sayarwa. Duk waɗannan abubuwa ne da kan kai mutane gaban mai unguwa, da dagaci, da alƙali, ba kuwa abin kunya ba ne, don an kafa shari'a ne saboda irinsu.

Amma masu kai ƙara iri biyu ne. Akwai wanda aka cuta, yana neman a mayar masa da abin da ya yi hasara. Akwai kuma wanda zuciya ke ci, wanda ɗan akuyar maƙwabcinsa ya tsinki ganyen albasa na kunya biyu, ɓarnar da ba ta kai kuɗin mota zuwa Kura ba, amma ya rantse sai an je kotu. In aka bincika sai a tarar ba albasar ce ta dame shi ba. Wataƙila sun nemi aure tare an ba wancan, ko sun yi takarar shugabancin ƙungiyar masu ban ruwa, ko dai ya ga wancan ya sayi injin ban ruwa shi bai saya ba. Maganar irin wannan mutum guda ce, wai ko nawa zai kashe sai ya nuna masa iyakarsa.

Yana kuwa kashewa. Zai biya kuɗin sammaci, ya ɗauki shaidu a mota, ya ciyar da su. A zauna, a ce wanda a ke ƙara bai zo ba, a ɗaga sai mako biyu. A koma, a ce shaida ɗaya ya tafi Legas da lodin kaya, a sake ɗagawa. Cikin wannan kai da kawowa ranar ban ruwansa ta wuce, tumatir kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, motocin Kwanar Gafan kuma ba su tsayawa sai an gama shari'a. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Amma wannan tun ba ta haihu ba an san abu guda, watau su biyun duk sun rasa kwanakin da ba su dawowa.

Akwai ma wanda ba shi da haƙurin jiran kotu, sai ya zarce ofishin 'yan sanda don a kulle masa mutum ko da na kwana ɗaya ne, a ji a gari an ce wane ya kwana a bayan kanta. Ya kamata duk wanda ya iya karatu ya san cewa doka ta hana wannan. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, da dokar 'yan sanda ta 2020, duk sun ce ba a kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kaɗai. Rigimar jingina da ta kuɗin taki, na alƙali ne.

Malaman shari'a na da sun san halin ɗan Adam sarai, shi ya sa suka yi wa ƙofar ƙara shinge. Wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaida, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, ba a ɗora wa mutum rantsuwa sai an tabbatar akwai wata hulɗa tsakaninsa da mai ƙara, ko akwai dalilin tuhuma. Hikimar a fili ta ke. In da ba haka ba, da kowane ɗan iska sai ya tashi da safe ya ce yana bin wani dattijo bashi, ya san dattijon zai gwammace ya biya da ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a.

Kan ɓarnar dabbobi ma sun yi bayani filla-filla. Abin da suka ɓata da dare yana kan mai su, don da dare shi ya kamata ya ɗaure kayansa. Na rana ba kome a kansa, muddin an kore su nesa da gonaki ba makiyayi tare da su. In kuwa akwai makiyayi ya yi sakaci, ko an sake su a gindin shuka, to biya ya tabbata. A ƙasar da gona ke manne da gona kamar ta Kadawa, wuya a ce ga inda ya ke nesa da gonaki. Wurin da ya fi daɗin dubawa shi ne yadda a ke ƙiyasta ɓarnar shukar da ba ta nuna ba. Littafin Muhtasar ya nuna a yi mata kima tsakanin fata da tsoro, watau a tuna tana iya yin kyau, a kuma tuna tsutsa ko tsuntsu na iya gamawa da ita. Saboda haka mai tumatir ɗan wata guda ba shi da ikon ya ce a biya shi kwanduna ɗari bisa farashin ranar da kasuwa ta fi tsada.

Wannan ciwo na ƙarar banza ba a ƙasar Hausa kaɗai ya ke ba, har akwai ƙasar da ta yi suna da shi a duniya, ita ce Amurka. A 2005 wani mutum a birnin Washington, shi kansa ma alƙali ne na wata ƙaramar kotun gwamnati, ya kai wandonsa shagon wanki na waɗansu baƙi mutanen Koriya, ya ce sun ɓatar. Sai ya kai ƙara yana neman dala miliyan 67, daga baya ya yi sassauci, wai, ya rage zuwa miliyan 54. Hujjarsa ita ce sun kafa allo a shagon mai alkawarin gamsar da duk wanda ya kawo wanki, shi kuwa bai gamsu ba. Sun yi masa tayin dala 12,000 don a bar maganar, ya ƙi. A 2007 kotu ta kori ƙarar, shi kuma ya rasa aikinsa. Amma kafin nan masu shagon sun sha wahalar shekara biyu da kuɗin lauya mai yawa, har suka rufe shagon. Wando ɗaya tak!

Me ya sa irin wannan ke yiwuwa a can? Ba don Amurkawa sun fi sauran mutane haɗama ba ne, tsarin kotunansu ne ya buɗe ƙofar. Da fari, bisa ga al'adar shari'arsu kowa shi ke biyan lauyansa, ko ya ci ko an cinye shi, saboda haka wanda ya kai ƙarar banza ya faɗi, yawanci ba a tilasta shi ya biya wanda ya wahalar. Sa'an nan lauya kan ɗauki ƙara ba a ba shi ko anini ba, bisa sharaɗin in an ci ya ɗebi wajen sulusin abin da aka samu. Har wa yau, sau da yawa ba alƙali ke yanka yawan diyya ba, waɗansu mutanen gari ne da a ke zaɓowa su zauna su saurara, ana kiransu juri, su kuwa tausayi kan ja su, fushi ma kan ja su. Suna da ikon su ƙara wani kuɗi bayan diyyar, na horo, don kamfani ya ji a jikinsa. Bayan wannan duka, magani a Amurka da tsada ƙwarai, wanda ya ji rauni ba shi da inshora, in bai kai ƙara ba bashin asibiti sai ya cinye gidansa.

Wannan na ƙarshe shi ya sa bai kamata a yi saurin dariya ba. Labarin da ya fi bazuwa a duniya shi ne na tsohuwar nan da ta zubar wa kanta kofi ta kai ƙarar kamfanin McDonald's, aka ce ta zama mai miliyoyi. Mutane na ba da shi a matsayin sarkin ƙararrakin banza, alhali kuwa in an bi diddiginsa ba haka ya ke ba. A 1992 abin ya faru a jihar New Mexico, tana da shekara 79. Motar a tsaye ta ke, ba ita ke tuƙi ba. Kofin kuwa zafinsa ya haura digiri 80, ya ƙone mata cinyoyi har cikin nama, ta kwana takwas a asibiti, sai da aka yanko fata daga wani wuri a jikinta aka dasa. Da fari dala 20,000 ta nema don biyan magani, kamfanin ya ce 800 zai bayar. A kotu aka nuna mutane fiye da 700 sun riga sun yi kukan ƙuna kafin ita. A 1994 'yan juri suka ce ita ma tana da kashi 20 cikin ɗari na laifin, suka ba ta dala 160,000, suka ɗora wa kamfanin miliyan 2.7 na horo. Alƙali ya rage na horon zuwa 480,000, daga baya suka sasanta a asirce. Wanda ya ji rabin labari shi ke kiran wannan ƙarar banza.

Kanada maƙwabciyar Amurka ce, iyakarsu ɗaya, yawancin mutanensu harshensu ɗaya, amma a nan sun rabu. Kanada ta riƙe al'adar Ingila, wadda Nijeriya ma ta gada, watau wanda aka cinye a shari'a kotu kan sa shi ya biya wani kashi na kuɗin da abokin shari'arsa ya kashe. Mutum kuwa in ya san faɗuwa na da farashi, sai ya yi tunani sau biyu kafin ya yanki sammaci. Yawancin shari'un diyya alƙali ke yanke su shi kaɗai. Kuɗin asibiti kuma gwamnati ke ɗauke da mafi yawansa, saboda haka wanda ya karye ba ya kwana da tsoron bashin likita.

Babban bambancin ya zo a 1978, sa'ad da Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci kan shari'u uku na matasa da yara da suka nakasa ƙwarai. Kotun ta raba hasara gida biyu. Abin da a ke iya lissafawa, kamar kuɗin jinya har ƙarshen rai da albashin da mutum zai rasa, a biya shi cif, ko nawa ya kai. Amma zafin ciwo da baƙin ciki, abin da ba shi da ma'auni, ta sa masa iyaka, dala 100,000 na Kanada. Ana ɗaga adadin bisa ga tsadar rayuwa, har yau ya wuce 400,000, amma iyakar na nan. An ga amfanin irin wannan natsuwa a wata shari'a ta jihar Ontario. A 2001 wani mutum ya ga mataccen ƙuda cikin babbar kwalbar ruwan sha da ba a ko buɗe ba. Bai sha ba, amma abin ya tsaya masa a rai har ya zama ciwon ƙwaƙwalwa na gaske. Kotun farko ta ba shi fiye da dala 340,000. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce ba ta ƙaryata ciwonsa ba, sai dai ba a tsammanin mutum mai matsakaicin ƙarfin hali zai kwanta ciwo don ganin ƙuda, saboda haka kamfanin ba zai biya ba.

Wanda ya yi karatun Risala ba zai ji wannan iyaka ta Kanada baƙuwa ba. Tun ƙarnuka da yawa shari'ar Musulunci ta yanka diyyar rai raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, ta yatsa raƙumi 10, ta haƙori raƙumi 5. Ba wai an ce yatsan mutum daidai ya ke da raƙuma goma ba. An dai gane cewa abin da ba shi da farashi, in aka bar wa fushin mai ƙara ko tausayin mai hukunci su yi masa farashi, gardama ba ta ƙarewa.

Duk da haka, kada a ɗauka ƙofar Amurka mai faɗi ba ta da rana. Mutanen Kano sun taɓa shiga ta cikinta. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, kamfanin magani na Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka kurumce ko suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba, kamfanin ya ce ya bi ƙa'ida, cutar ce ta yi ɓarnar. A 2001 aka shigar da ƙara a New York da sunan iyalan, talakawan da ba su da kuɗin jirgi balle na lauya. Aka kore ta, aka ɗaukaka, aka sake kora, sai a 2009 wata babbar kotu ta yarda a saurare su. Gwamnatin Kano ma ta kai tata ƙarar a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu a 2011, shekara 15 bayan an binne 'ya'yansu. Da a ce wanda ya faɗi shi ke biyan lauyoyin kamfani irin wannan, da wuya a sami manomin da zai yarda a sa sunansa.

Nan ne maganar ke da wuya. Shingen da ke tare mai ƙarar banza, in aka cika masa tsawo, talaka mai gaskiya ma ba ya iya ƙetare shi. In kuwa an duba ƙasar Kura da Bunkure da idon basira, masu kai ƙarar banza ba su kai yawan masu haɗiye ƙarar gaskiya ba. Macen da 'yan'uwanta maza suka ci gaba da noma kason gadonta, da ɗan ƙwadagon da aka hana kuɗin jingarsa, da manomin da aka sayar wa jabun maganin feshi ya ƙone masa gona, yawancinsu abin da su kan ce shi ne sun bar wa Allah. Wani haƙuri ne na gaske, abin yabo. Wani kuwa tsoro ne da rashin sanin hanya aka lulluɓe da rigar haƙuri. Mutumin da zai ja maƙwabcinsa talaka kotu kan ganyen albasa, shi ne sau da yawa zai yi shiru in mai ƙarfi ya ture masa iyaka da tarakta. Kuka kuwa in ya rasa kunnen da zai saurare shi, ba ya ɓacewa. An gani a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda manoma suka daɗe suna neman diyyar gonaki da amfanin da aikin madatsa ya ci, har abin ya kai ga tare hanyoyi, a 1980 aka turo 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana da abin da mahaifinsa bai samu ba a wannan fage. Yawancin rigingimun aro da haya da jingina, takarda guda ce za ta kashe su tun ba su tashi ba: a rubuta sunayen mutum biyun, da iyakokin gonar gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin da aka bayar, da ko na rani ɗaya ne ko har da damina, da wanda zai biya kuɗin ruwa, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya ajiye kwafi. Rigimar juyin ban ruwa kuwa ƙungiyar masu amfani da ruwa ta fi kotu saninta, don su suka san wace magudana ce kachala ta toshe, wa ke buɗe ƙofar ruwa da dare. Alƙali da ke zaune a Kura sai an gaya masa, su kuwa da ƙafarsu su ke takawa.

In ɓarna ta auku, abin da ya fi kome muhimmanci shi ne safiyar farko. A kira wakilin dagaci, da sarkin noma, da ardo in shanu ne, su zo su gani da idonsu, a bi sawu, a ƙidaya fangalin da aka ci da wanda aka tattake, a rubuta kwanan wata da kwanakin shukar, mai waya ya ɗauki hoto. A nan gindin gonar a ke yin kima, mai gona na tsaye, mai dabba na tsaye, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke gani. In an sasanta a rubuta, in ba a sasanta ba takardar ce za a kai gaban alƙali. Bayan kwana uku sawun ya baje, ganyen da aka ci ya fara tofo, wanda aka tattake kuwa ya bushe, ba mai iya bambanta shi da wanda ƙishirwa ta kashe.